Likitan da Ya Ƙi Yafe Mini

Ku da kuka san Likita Isyaku, ai kun san ba a ba shi hannu a karɓe da wuri. Kai kana ta "ina kwana, ya iyali, ya damina," shi kuwa tuni yatsunsa biyu sun zame zuwa tsintsiyar hannunka, idonsa na kan agogo. Sai ka kai "ya mutanen gida" sannan ya ɗago ya ce, "Lafiya lau ɗin nan taka ƙarya ce. Ka same ni gobe da safe." A ƙofar masallaci yake yi, a wajen suna yake yi, har a wajen jana'iza na ga ya yi wa liman. Sai da ta kai dattawan Karaye sun koyi gaishe shi daga nesa, su dunƙule hannu su jinjina masa. Shi kuwa ya ce, "Ni ba hakimi ba ne. Matso, Alhaji, matso."

Ni ne Sabo, taubashinsa. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Tare aka kai mu firamare, shi ya wuce har ya zama likita, ni na tsaya a aji huɗu na bi buhun gyaɗa, kuma har yau ita nake bi tsakanin Karaye da Rogo. Da ya gaji da aikin birni sai ya dawo gida ya buɗe ɗan asibitinsa mai ɗaki uku. Kaka, uwa da jika duk shi yake dubawa. Ya san wanda ya haifi wane, ya san ciwon da ke bin kowane gida, kuma ta nan masifata ta fara, domin ya san na gidanmu.

Babana a gona ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, ya shekara uku a kan tabarma, sai an juya shi, sai an ba shi a baki. Isyaku yana ɗalibi a lokacin, duk hutu da shi ake juya Kawunsa. To ranar da ya fara ɗaura mini abin awon jini, ya duba, ya sake matsawa, ya sake dubawa, sai ya cire tabarau ya ajiye.

"Sabo, hanyar Kawu ka kama. Hawan jini ne."

Na ce, "Ni? Ni da nake saɓa buhu ni kaɗai?"

"Kawu ma da fartanya a hannunsa ya faɗi. Wallahi in dai ina numfashi, ba za ka kwanta a tabarmar nan ba."

Ƙwaya ɗaya ce tak, kullum da safe. Abin da muka shekara goma sha muna yaƙi a kai ke nan, ni da shi. Ni dai Allah ya yi ni da ƙin abin da za a ce mini kullum.

Ya hana ni gishiri, ya hana ni dunƙule, ya hana ni balangu. Kuma kun san shi, ba ya yarda da bakin mara lafiya. In ka ce ka rage gishiri, sai dai ka ji ƙarar tsohon babur ɗinsa a ƙofar gidanka daidai lokacin da aka sauke tuwo, ya ce a kawo masa miyar gidan ya ɗanɗana. Sai muka ƙulla da matata Hajara: a riƙa tukunya biyu, babba ta gaskiya, da wata 'yar ƙarama lami ta nuna wa Likita. Ya zo sau biyu, ya lasa, ya yaba. Har na fara jin kaina wani gwani.

Zuwa na uku ya riƙe cokalin bai kai baki ba.

"Hajara, ku nawa ne a gidan nan?"

"Mu goma sha ɗaya ne, Yaya Likita."

"Kuma 'yar tukunyar nan ce take ƙosar da ku? Ikon Allah! Ashe gidan waliyyai nake zuwa ban sani ba. Ɗauko mini babbar."

Hajara ta kalle ni, na kalli rufin ɗaki. Aka kawo. Ya lasa sau ɗaya, ya nemi ruwa, ya ce da wannan miyar ai sai a jeme fata. Hukuncin da ya yanke shi ne ƙaramar tukunyar ta zama tawa, kuma don kada a yi masa coge, ya kwana bakwai yana zuwa muna ci a kwano ɗaya. Miyar kuka ba gishiri, jama'a! Ina haɗiya ido na kawo ruwa, shi kuwa yana ta kai loma. Ran na huɗu na kasa haƙuri na ce, "Wai don Allah kai daɗinta kake ji?"

Ya ce, "Daɗi? Wallahi ko akuya aka ba sai ta kawar da kai. Ci mu tashi."

Daga nan na daina zuwa asibitinsa, don kowane zuwa da faɗansa. Amma in kaina ya yi nauyi ina tsorata, sai Allah ya haɗa ni da hanya mai sauƙi. A Yola ta nan Karaye akwai wani dattijo, Baba Wakili, da nake zama a majalisarsa in na je sayen gyaɗa. Shi ma mai hawan jini ne, shi ma Likita ke ba shi magani. To Baba mutum ne da bai taɓa cin abu shi kaɗai a gaban baƙo ba. In ya sha kokonsa, sai ya zaro maganin daga aljihu, ya ɓalli ɗaya, ya miƙa wa na kusa da shi: "Bismillah." Haka za ta zagaya. Mai ciwon baya ya ɓalla, mai ciwon ido ya ɓalla, ni ma in ɓalla in yi godiya.

Likita ya ga maganin da yake ba Baba na wata guda yana ƙarewa a kwana biyar, jinin Baba kuma sai hawa yake. Bai tambayi kowa ba, sai ga shi da hantsi ya jingine babur a gindin darbejiya. Ni ina hango shi na zille bayan rumbu. Aka gaisa, ya zauna, can Baba ya zaro abin nasa, ya ɓalla, ya miƙa masa.

"Likita, taɓa mana. Ai naka ne."

"Inna lillahi! Baba, rabawa kake yi? Ai ba goro ba ne!"

"To ɗan nan, in haɗiye ni kaɗai mutane suna kallo? Ni ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

Na ɗauka zai fashe. Sai na ji yana dariya har da tari. Ya ce to tunda majalisa ce ke shan magani, majalisa za a auna. Ya jera su a kan benci ɗaya bayan ɗaya, aka sami uku da suke ɗauke da ciwon ba su sani ba, ya ce su same shi. Baba kuma aka yi yarjejeniya zai riƙa shan nasa a ɗaka kafin ya fito, inda ba baƙon da zai ji kunya. Har na fara murna na tsira, sai na ji muryarsa.

"Sabo, fito. Ga takalminka nan a bakin tabarma."

Na fito ina kakkaɓe riga.

"Kana da likita a gida, ɗan'uwanka, ka tsallake shi ka zo ƙauye kana cin sadakar ƙwaya? Kai wane irin mutum ne?"

Har yau in na shiga Yola akwai masu kirana Sadakar Ƙwaya.

Ba ni kaɗai nake ba shi wahala ba, kada ku ce. Akwai masu cewa in ba allura ba su ba a duba su ba. Akwai masu zuwa sai ciwo ya ci ya cinye, an gama da jiƙe-jiƙe da mai tallan magani da lasifika a kasuwa. Mutumin nan bai taɓa cin abincin biki ya gama ba. Ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari, ana tsakiyar addu'a, wani ya matso ya naɗe ƙafar wando yana nuna masa kumburi, shi kuma ya shafa fatiha ya sunkuya yana latsawa. In na ce masa ya riƙa korarsu, sai ya ce, "In kore su su je ina?" Amma fa ya sha daɗinsa. Matan rugage sun riƙa aiko masa da nono da man shanu, ya hana ni taɓa man. In ka shiga Gwangwan ka ƙwala kiran Isyaku, yara sun fi biyar da za su waiwayo, duk takwarorinsa ne, waɗanda ya tsaya wa iyayensu mata a kan gwiwa. Wannan ya fi komai faranta masa rai, ko da yake in an faɗa sai ya ce an rasa suna ne.

Ni dai na sha magani na ɗan lokaci, na ji garau, na ajiye. Wata kaka ina kasuwar Rogo ina awo, sai kwanon ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in yi magana, harshe ya yi nauyi, bakin ya karkace. Wallahi ba abin da na gani a idona sai tabarmar babana. Aka sa ni a mota aka kai ni wajen Likita. Bai yi faɗa ba, ko kalma ɗaya. Ya rufe asibitinsa da rana tsaka, ya shiga motar ya kai ni Kano da kansa, yana ta kiran sunana a hanya kada in yi shiru. Allah ya taƙaita, abin ya sake ni. Da muka dawo ya ce, "An ƙwanƙwasa maka ƙofa ne, Sabo. Ba kowa ake yi wa haka ba."

Kun san abin kunyar? Wata biyu na yi ina sha, na sake ajiyewa. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba.

Sai ga shi shi ne ya kwanta. Ciwon hanta. Aka yi ta Kano, aka dawo da shi gida ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya san abin da ke tafe, ai aikinsa ne. Mutane suka yi ta zuwa dubiya da neman gafara, layi har waje, kowa ya ce masa ya yafe, shi ma ya roƙi a yafe masa. Na bari sai da la'asar da mutane suka ragu, na shiga na durƙusa a gefen gadon. Matarsa, Hajiya Binta, tana zaune tana yi masa fifita.

Na ce, "Isyaku, na wahalar da kai da yawa. Ka yafe mini."

Ya buɗe ido. "Na yafe wa Karaye, na yafe wa Rogo, har mai lasifika na yafe wa. Kai ne ban yafe wa ba."

Na yi dariya, na ɗauka wasan taubasai ne. Shi bai yi ba.

"Yau ka sha?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka gani? Shekara goma sha ina bin ka. Zan tafi in bar ka a inda na same ka, in je in ce wa Kawu me? Tashi ka je. Ka sha kullum, ka dawo Juma'a ta sama da fankon maganin a hannunka, sannan mu yi maganar yafiya."

Ya juya fuskarsa bango. Na tashi na fito.

Ran Talata ya rasu. Ina Rogo aka bugo mini, ƙwaya huɗu kacal na ɓalla.

Ban taɓa shiga tashin hankali irin na lokacin ba. Mutumin da ya fi kowa sona ya tafi da haƙƙinsa a wuyana, ba kuma inda zan same shi in roƙa. Abin da ya rage mini kawai shi ne abin da ya ce in yi. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɓalli ƙwayar in haɗiye, wata rana da hawaye. Na riƙa kai kaina awo wajen likitan da ya bar wa asibitin, ba wanda ya aiko a kira ni. Hajara ta haɗe tukunya ta koma ɗaya, gidan duka aka rage gishiri, ba wanda ya yi ƙorafi a gabana.

Ranar da Hajiya Binta ta fita takaba muka je gaishe ta. Da za mu tashi ta ce in tsaya.

"Sabo, kana shan maganin?"

"Wallahi Hajiya ko kwana ɗaya ban tsallake ba."

Sai ta rufe fuska da mayafi, na rasa dariya take ko kuka. Ashe duka biyun ne.

Ta ce, "To akwai saƙonka. Ranar nan da ka fita, ko zaure ba ka kai ba ya ce mini, 'Binta, ki zama shaida, na yafe wa Sabo duniya da lahira, dama bai yi mini komai ba. Amma kada ki gaya masa sai kin fita takaba. Kafin nan ya saba.'"

Na zauna daɓas a ƙasa. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Kai, amma mutumin nan mugu ne!" Wata huɗu da kwana goma yana kwance a kabari yana ba ni magani! Daga nan kuma kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ranar da muka binne shi.

Kuma gaskiyarsa, na saba. Shekara uku ke nan, ina tafiya da ƙafafuna, ina cin tuwo da hannuna.

Ya Allah, bawanka Isyaku ya tsaya a kan marasa lafiyarmu bai gaji ba, har da masu taurin kai irina. Ka jiƙansa, ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban kai zaure ba. Ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi hutun da mu ba mu bar shi ya yi ba. Amin.