Ranar da Yaya Hamisu Ya Goya Nura

Wata Laraba ce a daminar da nake aji uku a lekol, wato makarantar bokon unguwarmu a Garwa. Ruwan sama ya hana mu fita wasa, sai Madam, malamarmu, ta haɗa mu da 'yan aji biyar a ɗaki guda, ta buɗe mana wani littafin yara na Faransanci mai hotuna. Labarin mutanen San ne, mazauna daji can kudancin Afirka. Mata na tonon saiwoyi da sanda, maza na farauta da kwari da baka. Amma a wani shafi ga ƙaton namiji da ɗansa a kafaɗa, ya rungumo itacen girki. Aji ya kaure da dariya. Madam ta ce a wurinsu ba abin kunya ba ne namiji ya ɗebo ruwa ko ya yi raino. Yayana Hamisu, ɗan aji biyar, shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

A lokacin Inna na kwance tun haihuwar ƙaninmu Nura, ƙafafu a kumbure, ni kuwa ko taɓarya da ƙyar nake ɗagawa. Dama Hamisu ne ke daka da wanke-wanke a ɓoye a bayan ɗaki, da zarar Baba ya tafi shagon yadinsa. Tuwon dawarsa ba gudaji, miyar tafasarsa da gyaɗa har maƙwabta na yaba Inna a kanta. Bayan littafin nan sai ya daina ɓuya. Ranar Asabar ya ɗauki zanin Inna ya goya Nura, ya rungumi bokiti ya nufi famfon bakin titi da rana tsaka. Na bi shi ina magiya, ya ce mini ai har a littafi an buga.

Masu babur da ke jiran fasinja gindin darbejiya suka kama shewa, suna kiransa ɗan daudu, wani ya ce a kawo masa ɗankwali. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa.

Baba bai doke shi ba, wallahi da ma dukan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Tunda goyo lekol ta koya maka, ka gama lekol." Inna ta rarrafo har bakin ƙofa tana rantsuwa ita ta sa shi, alhali ba ita ba ce. Ko kallonta bai yi ba. Aka sa Hamisu a motar kaya zuwa Figil, wurin wani kawunmu mai fasa dutsen farar ƙasa, wai can zai zama namiji. Murhu ya faɗo kaina, ina ƙona tuwo ina kuka, Nura na tsala nasa kukan a ƙasa. Inna ba ta ga wata daminar ba, kuma sai bayan an rufe ta aka aika wa Hamisu. Na daɗe ina jin haushin Baba, ban taɓa iya faɗa masa ba.

Yau a Garwa maza ke soya ƙwai da taliya a bakin titi, ɗana ma rataya 'yarsa yake a ƙirji ana ɗaukarsu hoto. Hamisu na can Figil da tarin da ƙurar dutse ta bar masa. Bara na je duba shi, matan gidan sun fita unguwa, jikarsa na kuka a kan tabarma dab da ƙafarsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce mini, "Hajara, zo ki ɗauke ta."

Baba ya samu namijin da yake so, ni kuwa yayana bai dawo ba.