Malami da Fankar Maman Godwin

"Ai shi na ce miki, Maman Godwin, fankar ga lafiyarta lau. Maiƙo ne ya riƙe ta, kuma fuskarta ba inda ya dace ta nufa ba."

"Malami, fanka tana da fuska?"

"Awo. Har ƙeya gare ta."

Ina zaune bakin ƙofa da kwanon shinkafata, idona yana ruwa saboda hayaƙi. Shagon nan na kusa da tashar motar Ƙaura, a da mashaya ce. Da Shari'a ta zo, wasu maƙwabtan Maman Godwin suka tattara suka bar gari. Ita ta ce a nan ta haifi 'ya'yanta, sai ta mai da wurin gidan abinci. Amma ɗakin ba don murhu aka gina shi ba. Mijinta ya huda bango ya sa fanka, ya juyo ta ciki yadda kowa ke yi, don mai girki ta sha iska. Hayaƙin itace ya riƙa komawa kan masu cin abinci, direbobi suka fara gudu. Ta ce in watan nan ya ƙare haka, rufewa za ta yi.

Malami mutumin Badarawa ne. Tun yana saurayi ya bar gonar gero ya zo kallon jirgin ƙasa, bai koma ba. Wani ma'aikacin reluwe mai suna Ezekiel, wanda yake kira Oga, ya koya masa naɗin wayar inji. Har yau in zai kama aiki, sai ya yi bisimilla, sannan ya ce, "Allah ya saka wa Oga."

Malami ya sauke fankar, ya wanke ta da kananzir. Ya ciro wani tsohon injin fankar tarago daga jakarsa ya sa mata, ya yanko manyan fukafukai daga fallen kwano. Da ya mayar da ita, fuskarta waje take kallo.

Sai ya kunna turaren tsinke, wanda ba ya rabuwa da shi, ya riƙe bisa murhu. Muka zuba ido. Hayaƙin ya miƙe, ya karkace, ya bi kafar bango ya fice.

Ba a jima ba Bawa, direban Shinkafi, ya leƙo.

"Wa ke soya nama a nan? Ƙamshi ya hana mu lodi."

"Ba kai ka ce abincina hayaƙi yake yi ba?"

"Madam, tuba na zo yi. Sa mini da ganda."

Ta zuba masa, ta zuba wa Malami ma, ta ɗora nama har ya rufe shinkafar. Malami ya ce ta ajiye masa sai ya dawo, don fankar masallacin unguwarsu tana kuka tun jiya, ga azahar ta kusa. Ya saɓa jakarsa, ya soke sauran turaren a bayan kunne, ya bi ta gefen layin dogo.