Littafin da Aka Ƙulla Irin Albasa da Shi

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi, na saya wa ɗiyata littafi a kasuwar Jega. Ƙarami ne, mai hotunan akuya da zakara, kalmominsa suna sarƙe harshe har mai karatu ya yi tuntuɓe. Ni dillalin albasa ne, ban iya boko ba. Ita take karanta mini a rumfata ta Aliero, tana kuskure tana ƙyalƙyala dariya. Tun rasuwar uwarta ban ji wannan dariyar ba sai a kan littafin nan.

Wata ranar kasuwa na tafi Maiyama duba kaya, na bar wa yayana rumfa. Lokacin yafa iri ne, manoma suna ta zuwa sayen irin albasa. A wajenmu, takarda mai rubutun Larabci ko a ƙasa aka gan ta ɗagawa ake yi a soke a bango. Ta boko kuwa ta ƙulla tsire da ƙosai ce. Takardar siminti ta ƙare masa, ya ga littafi a kan buhu, ya dinga yaga yana ƙulla iri.

Na dawo na iske yarinya zaune riƙe da bangon littafin kawai. Ba ta ko kuka.

Na ce masa, "Yaya, mi ka yi haka?"

"Don hoton akuya kaka tada mini jijiyar wuya? Ga akuyoyi nan cike da gida, ta je ta duba!"

Masu lodi suka kwashe da dariya. Na juya na bar shi, ya girme ni.

Washegari na hau babur zuwa Danwarai, na bi manoma gida-gida ina tambayar takardar ƙullin iri. Wani ya ce, "Alhaji, iri ne ya lalace?" Wasu sun hura wuta da tasu. Kaɗan na samo, duk sun yamutse. Na koma Jega, aka ce mai littattafan ya kwashe kayansa ya koma Birnin Kebbi, can ma'aikata suke yanzu.

Na ɗinke abin da na samo da zaren buhu na kai mata. Ta buɗe, ta karanta shafi guda, ta juya, labarin bai haɗu ba.

"Baba, bar shi," ta ce.

Ta ajiye shi, ta ɗauki tsintsiya ta hau share ɓawon albasa. Irin nan kuwa ya yi kyau a shekarar. Har yau yayana yana faɗa da alfahari.