Zanen Ruwa a Jikin Tsamiyar Saga

Illo magini ne ɗan magini, mutumin Tawa da aka kawo Yamai yana goye. A unguwar Saga ya girma, inda gonakin shinkafa suke ƙarewa gidajen ƙasa su fara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa duk faso saboda cuɗa laka, ga baki ba linzami. Matarsa Zeinabou takan ce da bango yana da kunne, da tuni ya gudu ya bar masa filin. Amma kowa a unguwar ya san ɗakin da Illo ya ɗora ba ya faɗuwa, shi ma bai taɓa jin nauyin faɗin haka da bakinsa ba.

Aikin ba wani asiri a cikinsa. Akwai tsohuwar tsamiya a gangaren unguwar. Duk damina idan jan ruwa ya cika kogi ya janye, yakan bar zanen laka a jikinta, sai magina su sare wurin da gatari don kada ya ɓace. Mai shirin kafa ɗaki sai ya je ya auna sara mafi bisa da sanda, ya tada gindin ɗakin da dutse har ya wuce ta da taƙi guda, sannan ya fara jera tubali. Haka uban Illo ya yi har ya koma ga Allah, kuma a zamaninsa sarar ba ta taɓa wuce ƙauri ba.

A hannun Illo ta fara hawa. Ta kai gwiwa, ta kai cinya. Ruwan da a da yake rarrabuwa cikin wata guda sai ya zube a yini ɗaya, kogi kuma yashi ya cika masa ciki, ba ya iya haɗiye komai. A radiyo suka ce sauyin yanayi ne, wai hayaƙin masana'antun wasu ƙasashe ne ya jawo. Illo, wanda ko keke bai mallaka ba, ya ce to shi da me ya ci wannan laifi? Manya suka yi ta hawa jirgi zuwa taro a kan maganar, su dawo da ƙiba da sababbin kalmomi. An yi alkawarin digi mai tare kogi, har wani babba ya zo ya aza dutsen farko da sabon cokalin gini, aka yi tafi. Yau awaki ne suke hutawa a kan dutsen.

Sai kuma Alhaji Mutari, attajirin da ya ga wani kwari a bayan unguwa ya ce fili ne ake ɓarna. Ta wannan kwari ruwa yake komawa kogi tun kafin a haifi kakansa. Manyan motocin kamiyo suka yi ta juye jar ƙasa har wurin ya cike, aka kewaye da katangar siminti, aka kafa magaza ta ajiyar kaya. Dattawan unguwa suka kai kuka, aka ce musu Alhaji yana da izini daga sama. Suka dawo suna haɗiyar baƙin ciki.

A wannan shekara Inna Hafsa, tsohuwa mai sayar da kwaɗon zogale, wadda ba miji ba ɗa, ta sayar da awakinta duka ta kira Illo ya yi mata ɗaki. Ya auna tsamiya, ya ƙara taƙi biyu maimakon ɗaya, don girman tsufanta. Da ya gama ya bugi bangon da tafin hannu, ya ce mata ta yi barcinta, in ɗakin nan ya faɗi a daina kiransa magini.

Da hantsi ruwan ya zo, cikin watan Agusta. Ya gangaro neman kwarinsa, ya ci karo da katangar Alhaji, ya juyo cikin unguwa ya zauna. Bangon ƙasa yana jure dukan ruwan sama, amma ba ya jure tsayuwa cikin ruwa. Ɗakin Inna Hafsa ya jiƙe daga gindi ya durƙushe, azara ta karya mata ƙafa. Illo ne ya fito da ita a bayansa, ruwa iya ƙirji, yana kuka yana zagi.

Aka zuba waɗanda ruwa ya ci gidajensu a azuzuwan lakwal, makarantar yara. Can tawaga ta same su, wani mai muƙami a gaba, Alhaji Mutari a damansa da kyautar bokitai da tabarmi, masu ɗaukar hoto suna biye. Mai muƙamin ya yi jaje, sannan ya ce laifin na masu gini da laka ne a kan hanyar ruwa, da magina marasa ilimi. Zeinabou ta riƙe rigar mijinta, ya fizge.

"Ranka shi daɗe," in ji Illo, "ruwa hanyarshi ya biyo, ya iske an gina magaza bisanta. Ga mai ita nan kusa gare ka, tambaye shi."

Aka kawar da abin magana daga bakinsa. Da yamma a tele bokitai kawai aka nuna.

Da lokacin komawar yara karatu ya yi, aka ce kowa ya san inda zai nufa. Inna Hafsa ta aika aka kira Illo. Ba ta yi masa gorin maganarsa ba, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Ta ce ƙasar tsohon ɗakin tana nan tsibi guda, a sake cuɗa ta kawai, ita ba ta yarda da hannun kowa ba sai nasa.

Ya ɗauki sanda da gatari ya nufi tsamiya, tana biye tana dogarawa. Ya duba inda ya saba dubawa, bai ga sabon zane ba. Sai da ya ɗaga kai. Zanen lakar yana can sama da hularsa.

"Auna mana, ɗana," ta ce.

"Inna, in na bi aikin ubana, ɗakinki sai da tsani za ki shiga. In na saɓa mashi, kabari na gina maki."

"To, ina zan kwana?"

Illo, mai amsar kowace magana, ya tsaya da gatari a hannu. Daga bayan unguwa ana jin kamiyo yana sauke siminti, Alhaji zai ƙara wa katangarsa tsawo kafin wata damina.