Lambun da Muka Yi wa Iya Tasalla

Watan nan da muke ciki ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar Iya Tasalla, kakar mahaifina. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Ba zan cika muku kunne da cewa mutuniyar kirki ce ba, duk wanda ya mutu haka ake faɗa a kansa. Iya tana da faɗa, tana da rowar goro, kuma idan ka saɓa mata sai ta tuna maka bayan shekara uku. Abin da ya sa na ɗauki biro wani allo ne mai ɗauke da sunanta, yana nan a kafe a bakin titi tsakanin Gumel da Gagarawa. Duk sanda mota ta wuce da ni ta gabansa sai na sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a jaka.

Iya ba ta san shekarar haihuwarta ba. Takan ce an haife ta ne lokacin da Turawa ke kafa turakun iyaka a wajen Maigatari, suna cewa nan na Ingila, can na Faransa, kuma ta yi wayo tun ba a shimfiɗa layin dogo ta Gagarawa Tasha ba. Tana ƙaramar yarinya aka yi babbar yunwar nan da tsofaffi ba sa son zancenta. Damina ta ƙi, rumbuna suka ƙare, mutanen arewa suka riƙa wucewa ta ƙauyenmu suna nufin kudu, wasu a hanya suka tsaya har abada. Ƙanen Iya yana goye ya rasu. Ita da sauran gidansu itatuwan gonarsu ta bakin hanya ne suka riƙe su: ganyen aduwa a dafa a matse ɗacin, magarya a daka a curo, kurna, ƙwallon goriba a gwagwiya har dasashi ya yi jini. Akuya ɗaya da ta rage musu 'ya'yan gawo ta ci ta kai damina.

Bayan yunwar mahaifinta ya kafa wata doka a gonar. Idan an zo sassabe, ba a share komai kaf. Duk kututturen da ya yi toho, sai a duba a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a ɗaura wa waɗanda aka bari kaba. Wanda ya ga kaba a jikin tsiro ya san ba na sara ba ne, ko ɗan gida ne ko mai kiwo. Shi yana zaɓa, Iya tana bin sa da damin kaba tana ɗaurawa. Ta yi aure a cikin ƙauyen, gonar ta zama tata da gado, ta ci gaba da ɗaurin har ta tsufa ƙafa ta ƙi. Daga nan ta koma aika jikoki da tattaɓa kunne. Wanda ya fi shan wannan aiken shi ne yayana Nafi'u, wanda take kira Maigida. Ni kuwa Garaje take kirana, ta ce ba za ta ba ni aikin da ke son natsuwa ba. Lokacin da na yi wayo gonar ta zama kamar ƙaramin kurmi, gero yana fita a ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina tsawo, matafiya suna tsayawa su yi azahar a inuwa.

Ina aji biyar a sakandare Yaya Nafi'u ya tafi bautar ƙasa Filato. Da hutu na kai masa ziyara, wata Asabar ya ɗauke ni da abokansa muka tafi yawon buɗe ido wani dajin itacen fayin a kan duwatsu. Gaskiya zan faɗa, wurin ya yi kyau, kuma har yau ban ga irinsa ba. Itatuwa dogaye miƙaƙƙu a jere kamar sahu. Ganyensu siriri kamar allura, kore shar rani da damina. Wanda ya bushe ya zubo ya yi shimfiɗa mai laushi, kana tafiya ba ka jin takunka. Ƙamshin ƙaron jikinsu kamar an kunna turaren wuta. Idan iska ta taso sai ka ji sama tana wani shuu kamar ruwa na zuwa. Mutane sun shimfiɗa tabarmi suna cin abinci, amare da angwaye suna ɗaukar hoto, ni kuma ina rawar ɗari cikin rigar sanyin aro. Na lura ƙarƙashin itatuwan babu ciyawa sosai, babu akuya, tsuntsaye ma kaɗan ne, amma a lokacin abin da na ce shi ne, kai, wurin nan akwai tsafta.

Na tsinto ɗan itacen guda ɗaya, mai kama da ƙaramar abarba ta katako, na kawo wa Iya tsaraba. Ta jujjuya shi, ta shinshina, ta gwada da haƙorin da ya rage mata.

“Ana ci?”

Na ce a'a.

“Akuya fa?”

“Ba ta ci, Iya.”

“Ana jiƙa shi a sha don ciwon ciki?”

“Iya, ba magani ba ne. Kyau gare shi. Mutane daga nesa suke zuwa kallo.”

Ta miƙo min abina ta ce, “To ajiye, Garaje. Ɗan'uwanki ne. Ku biyu ba ku da aiki sai a kalle ku.”

Shekarar da ta biyo baya ta rasu.

Bayan wasu shekaru Allah Ya yi wa Yaya buɗi a harkar siminti a Gumel. Dajin nan bai taɓa fita ransa ba. Ya tara mu ya ce yana son ya yi wa Iya abin tunawa, ya mayar da gonar bakin hanya wurin shaƙatawa irin na Filato, a shuka fayin, a sa kujerun siminti, mutanen Gumel da Sule Tankarkar da Maigatari su riƙa zuwa da iyalansu ranar hutu, ba sai sun je wata jiha ba. Niyyarsa mai kyau ce, wannan ba na musu. Baba bai hana ba, don ɗan da ke rufa maka asiri ba ka cika yi masa gardama ba. Sauranmu tafa masa muka yi. Ni na dafa wa masu sara zoɓo. Sati bai cika ba aka kwantar da abin da aka fara tattali tun zamanin yunwa. Kuka ɗaya ce ta tsira, ita ma don gatura sun gaji ne. Aka kawo dashen fayin cikin baƙaƙen ledoji a bayan mota, aka jera su a layi, aka kafa allo mai koren fenti: Lambun Shaƙatawa na Iya Tasalla.

Damina ta riƙe su. Sanyi ya riƙe su. Da bazara ta shigo sai suka fara ja daga sama. Aka sa 'yan ga-ruwa, rairayi yana shanye ruwan kafin mai zubawa ya juya baya, matan ƙauye suna tsaye da bokitai a bakin rijiya suna kallon ana kai wa itace ruwan da za su yi girki da shi. Gara ta ƙarasa sauran. Daga baya na ji a bakin masu aikin gandun daji cewa fayin itacen sanyi ne da tudu, yana son ruwan sama mai yawa, kuma saiwarsa ba ta iya cin ƙasa ita kaɗai sai da wani farin funfuna da ke rayuwa manne da ita, wanda zafin rairayinmu ba ya barinsa. Suka ce ko a Filaton ma baƙo ne, kawo shi aka yi aka shuka. Wato mun kori 'yan gida mun shimfiɗa wa baƙon da ba zai iya kwana ba.

Abin da ya rage yanzu, ban da kukar nan, fili ne fetal, kujerun siminti da rana ke gasawa har ba mai iya zama, da allon. Iska tana kwasar rairayin wurin ta binne shukar maƙwabcinmu, shekara biyu a jere yana maimaita shuka, bai taɓa zuwa ya yi mana magana ba, kuma shirun nan nasa ya fi zagi ciwo. Direbobin tasha sun raɗa wa wurin suna Jos. Idan mota ta kusa sai kwandasta ya ce, “Akwai mai sauka a Jos? A ɗauko rigar sanyi.” Mota ta kwashe da dariya. Ni a nan ya kamata in riƙa sauka, don ta nan hanyar gidanmu ta fi kusa. Shekaru ke nan ina bari a wuce da ni gaba, in sauka, in dawo da ƙafa ta bayan gari.

Nakan tambayi kaina me Iya za ta ce da za a ba ta dama ta leƙo daga kabari. Ina jin ba za ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ke ba ni tsoro, don Iya idan abu ya kai mata ƙarshe shiru take yi. Ba ta iya karatun boko ba, sai an karanta mata allon. Sai ta tambaya, wace Tasallar? Idan aka ce ita, za ta dubi filin ta ce to ina inuwar da za a shaƙata. Ba na jin za ta ga laifin mutum ya je kallon daji don nishaɗi. Ita ma da la'asar takan sa a kai mata tabarma gindin gawo ba don komai ba sai don ta ji kukan kurciya. Abin da ba za ta gane ba shi ne yadda muka yi tafiyar yini guda muka yaba dajin wasu, muka dawo muka kasa ganin namu. Kuma za ta yi tambayar da ba wanda ya yi a cikinmu ranar da muke tafi: idan damina ta sake ƙi, me yaran gidan nan za su ci, kujera?

A bana ne na ga abin da ya hana ni barci. Na bi ta filin da rana, sai na ga kututturan ba su mutu ba. Kalgo, aduwa, magarya, har gawo, duk sun yi toho, awaki suna datsewa suna sake fitowa. Saiwoyin suna nan da rai a ƙasa duk shekarun nan. A satin kuma na ji Yaya ya sake sayo dashen fayin, sun cika masa zaure a Gumel. Wai wancan karon kututturan ne suka shanye wa dashen ruwa, don haka ya yi magana da mai tarakta ya zo kafin ruwan farko ya tumɓuke su duka. Na same shi a shago na ce, “Yaya, sau ɗaya kuskure ne, na biyu kuma sai dai a kira shi da wani suna.” Ya ce, “Ke dai bakinki ya fi ki girma. An fara abu da sunan Iya, a bar shi a haka mutane su ci gaba da dariya?” A nan na gane shi ma yana jin abin da kwandastoci ke faɗa. Kunya ɗaya ce ke cin mu, shi tana tura shi gaba, ni tana sa ni ɓuya.

Ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Washegari na yanko kaba na shiga filin da wuƙa, ina rage toho ina ɗaurawa, da sauri, da fushi, ƙayar aduwa tana yaga min hannu. Ranar da Yaya ya zo duba wurin kafin zuwan tarakta ya same ni a ciki. Ya kashe babur ya daɗe a tsaye yana kallon kaba tana kaɗawa a jikin tsirrai.

“Wa ya sa ki?”

“Ba kowa.”

Ya tako ya tsuguna gaban wani tohon gawo. Na zaci tsinkewa zai yi, har na shirya abin da zan faɗa masa. Ya taɓa ƙullin ya girgiza kai.

“Kin shaƙe shi. Haka kika yi wa sauran?”

Na ce eh.

“Garaje ke nan. Idan ya yi kauri ina zai bi? Iya cewa take sai yatsa biyu sun shiga.”

Ya kwance, ya sake ɗaurawa sako-sako, ya zura yatsunsa biyu ya gwada. Ya matsa na gaba. Bai ce min na yi daidai ba. Da farar shaddarsa ya bi layin yana kwance ƙullina ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar. Tarakta ba ta zo ba. Dashen fayin ya bayar da su ga wani abokinsa mai komawa Filato, ya bar biyu a tukunya a tsakar gidansa, yana ba su ruwa safe da yamma. Wannan ruwansa.

Ba zan ce mun gyara ba. Gawon da aka sare ya girmi Baba, wanda muka ɗaura wa kaba bai kai gwiwata ba. Ni da Yaya wataƙila ba za mu zauna a inuwarsa ba. Maƙwabcinmu bana ma zai sha rairayi. Na ce a cire allon har sai an samu inuwa, Yaya ya ƙi, ya ce a bar shi ya riƙa tuna mana. Idan na auna abin da ya rage na Iya bayan shekara goma sha ɗaya, ban sa allon a ciki ba, fentinsa ma ya fara ɓarewa. Saiwoyin da ita da mahaifinta suka bari a ƙasa su ne suka rage, sun jira mu har muka gama haukanmu. Sai kuma yatsu biyun nan da ta bari a hannun Maigidanta, shi kansa bai san suna nan ba sai da ya tsuguna.

Ran Juma'ar da ta wuce na taho daga Gumel da damin kaba a cinya. Da muka kusa kwandasta ya ce, “Akwai mai sauka a Jos?” Mota ta fara dariya. Na ƙwanƙwasa jikin motar na ce, “Akwai. Tsaya.”