Halidu Hari

A unguwar Dar es Salam ta Yamai, in ka tambayi gidan Halidu ɗan Tawa, mutane za su yi ta kallon juna. Amma ka ce Halidu Hari, nan take a nuna maka wata jar ƙofa. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa motar pompiye, masu kashe gobara, kuma duk tsawon lokacin nan jakarsa a ɗaure take, wai gida zai koma.

Da aka kawo shi Yamai, wata shida ya ɗauka zai yi, shi ya sa bai ga amfanin koyon Zabarmanci ba. Shekara tara ta wuce, abin da ya iya bai fi "fofo" ba, ita ce gaisuwarsa, ita ce godiyarsa. Matarsa Haoua kuwa, a wurin masu tumatir na kasuwar Petit Marché ta ƙware, har faɗa tana yi da shi.

"Maigida, ka koyi ko sunan ruwa mana, tunda shi kake ɗauka," in ji ta.

"Ruwa sunansa ruwa. In na koma Tawa, wa zan yi wa Zabarmanci? Jakin Inna?"

Sai ga shekarar fari, wadda kogi ya janye har ana ratsa shi da ƙafa. Saƙo ya zo daga ƙauye cewa dabbobin Inna, mahaifiyarsa, sun ƙare, maƙwabta sun watse, ita kaɗai ta rage a gidan. Lokacin soja ke mulki, pompiye kuwa soja ne: ba ya ajiye aiki, ba ya fita gari sai da takarda. Halidu ya rubuta roƙo a maida shi Tawa. Takardar ta yi wata bakwai tana rarrafe daga buro zuwa buro kafin ta hau teburin kapiten.

"Ƙarshen wata zan sa hannu," in ji kapiten, "muddin ban ji sunanka cikin wani laifi ba."

Saura kwana goma sha ɗaya. Halidu ya zama mutumin kirki har abin ya ba da tsoro. Motar kapiten ma, ko babu kowa ciki, sai ya sara mata.

Ranar Talata da tsakar rana aka ce wuta ta kama gonaki a wani ƙauye kan hanyar Filinge. Za ka ce me wuta za ta ci a shekarar da ba ciyawa? Ai abin da ya rage ne za ta ci. Mutane sun tsince kara ɗaya-ɗaya, sun tara busasshen haki tsibi-tsibi kusa da rumbuna, shi ne abincin awakin da suka tsira. Gobarar gida tana da ladabi, inda ka same ta nan take tsayawa. Ta gona kuwa duk inda iska ta nuna mata, can take bi. A da, da ɗanyen reshen sabara ake bugunta. A shekarar nan sabarar ma ba ganye, kana bugu reshen ya kama a hannunka, ka zama kai ne mai raba wa gonaki wuta.

Su Halidu ba su kai ga ƙauyen ba motarsu ta nutse cikin rairayi har ciki. Suka ja tiyo iya tsawonsa, ruwan bai yi minti goma sha biyar ba ya ƙare. Sarjan Mahamadou, wanda shi kaɗai ne mai jin Zabarmanci a cikinsu, ya kwashi sauran mutum huɗun da buhunan bugun wuta.

"Kai ɗan Tawa, zauna wurin rediyo. Kada ka taɓa ta sai abu ya yi girma."

Suka shige hayaƙi. Iska ta juya, wutar ta zagayo ta bayan mota ta rufe hanyar da suka biyo. Halidu ya sa giya gaba, ya sa baya, tayu sai ƙara haƙa wa kansu rami suke yi. Zafi ya sa ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. In ya sauka ya gudu, ya bar motar gwamnati, laifi ne. In ya zauna ta ƙone, wannan ma laifi ne, sai dai ba zai ji hukuncin ba.

Yana cikin haka sai ga mutane wajen talatin sun ɓullo daga hayaƙin a guje, ido jajir, da adduna da sanduna da fartanyu. Suka kewaye motar suna dukan tanki suna ihu:

"Hari! Hari!"

Halidu ya kulle ƙofa, ya cafki rediyo. Da Bazabarme ne ke wancan gefen, da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Sai aka yi rashin sa'a, Abdulaye ne, ɗan Damagaram.

"Abdulaye! Hari! An kawo mana hari!"

"Hari kuma? Su wa?"

"Ina na sani? Da adduna suke! Su da bakinsu suke faɗa!"

A zamanin nan, in ruwa kake nema, sai mutum uku sun sa hannu. Wannan kalma kuwa ba ta jiran kowa. Cikin rabin awa kamiyo biyu, manyan motocin soja, suka keto gonaki, soja arba'in suka diro da bindigogi. Abokiyar gabar da suka fara cin karo da ita wata tsohuwa ce riƙe da ƙwarya. Ta miƙa wa shugabansu ita, ta ce, "Hari."

Sarjan Mahamadou ya fito baƙi ƙirin, yana tari, ya yi bayani: hari da Zabarmanci ruwa ne. Addunan kuma na saran kara ne, don a yanke wa wuta hanya.

Shugaban sojan ya daɗe yana kallon Halidu ta gilashi. Da ya ga bai kamata ya koma ba labari ba, sai ya sa aka jingine bindigogi. Mutum arba'in suka shiga kwasar rairayi da hulunan kwanonsu suna watsa wa wuta, wasu suka share fili tsakaninta da rumbuna, wasu suka cicciɓo motar. Kafin la'asar an ci ƙarfinta. Rumbu biyu kawai suka tafi.

Da safe Halidu ya ƙame gaban kapiten. Takardarsa na kan tebur.

"Shekara nawa kake ɗaukar ruwa a garin nan?"

"Tara, mon kapiten."

"Ba ka san sunansa ba?"

"Yanzu na sani, mon kapiten."

"Kwana takwas a kaso." Kapiten ya ɗauki takardar ya juya ta. "Wata uku ina roƙon a ƙara mini mota ɗaya, ba a ko amsa ba. Kai da kalma guda ka fito da mutum arba'in. In bar ka ka tafi Tawa?"

Ya buɗe durowa ya saka ta ciki.

Haoua ta kai masa tuwo a kaso. Ta ajiye butar ruwa a gabansa, fuskarta ba alamar dariya. "Ga hari, maigida. Sha a hankali, kada ya ji maka ciwo."

Da ya fito sai ya aika aka ɗauko Inna a motar kaya, da turminta da akuya ɗaya. Ba ta yi wata huɗu ba ta fara ciniki da Zabarmanci, ita da Haoua suna gulmarsa a gabansa yana cewa "fofo". A Yamai ta rasu, a nan aka binne ta, shi ma yanzu ba ya iya nisa da kabarin. Takardar kuwa kapiten uku suka gaje ta. In ka zauna da shi bakin jar ƙofar nan, zai ce maka bayan damina zai koma gida. Haoua takan leƙo ta tambaye shi wace daminar.