Jinin jikata a cikin ƙanƙara

Shekarar da aka yaye jikata ne muka lura ƙafafunta suna lanƙwashewa kamar baka. Ubanta, ɗana na fari, yana kudu da shanunmu, sai damina yake dawowa. Ni na kai ta asibiti a Kazaure daga Roni, tare da uwarta.

Likita ya duba ta, ya ce, "Baba, za mu auna bitamin D a jininta. Shi ke taimakon ƙashi, kuma daga hasken rana jiki yake samunsa."

Na ce, "Likita, rana ce ta yi mana ƙaranci a Roni?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ba na son aikin da ban ga tsarinsa ba, don haka na tsaya a ɗakin gwaji. Da farko matar da ke aikin ta ɗebi jinin a ƙaramar kwalba. Sannan ta bar shi ya daskare. Daga nan ta sa shi a injin da ke juyawa da ƙarfi, ja ya kwanta ƙasa, ruwa mai launin rawaya ya taso. Ta ce wannan ruwan ake aunawa, amma injin awon yana Kano. Ta jera shi cikin ƙanƙara, aka tafi da shi.

Kafin sakamako ya dawo, kullum da hantsi sai na sa a zaunar da yarinyar a tsakar gida. Ta yi ta kuka, ban janye ba.

Da muka koma, likita ya ce, "Bitamin ɗin bai yi ƙasa sosai ba. Abin gina ƙashin ne babu a abincinta. Tana shan nono?"

Uwarta ta sunkuyar da kai. A gidanmu da rani babu shanu, da damina kuma nonon kasuwar Gwiwa yake tafiya. Kunu da tuwo yarinyar ta sani.

Ya rubuta magani, ya ce ƙashin yaro yakan miƙe idan an yi da wuri. Bai ce mun yi da wuri ba.

Na samo akuya mai shayarwa, na ɗaure ta kusa da ɗakina. Da asuba a tatsa, a dafa, a ba ta, sannan magani. Bayan haka nakan tsayar da ita jikin bango in dubi ƙafafun. Har yanzu hannuna yana wucewa tsakanin gwiwoyinta.